Dokar ta wuce, allurar maciji ba ta zo ba

Mama Syokau,

Don Allah ki taimake ni, kada ki jefar da wasiƙar nan don kin ga daga 'yar siyasa ta fito. Na san kallon da ake yi mana. Ni 'yar majalisar dokokin gundumarmu ce, kuma ni ke shugabantar kwamitin lafiya. A kasuwa "Mai girma" ake ce mini, amma rabon da in ji girman a jikina har na manta. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Mijina ya gaji da ji, abokan aikina kuwa abin da ka gaya musu da safe, kafin rana ta take yana kunnen gwamna.

Kafin siyasa ni nas ce, na daɗe a wani ƙaramin asibitin karkara. Kin san ƙasarmu, ƙaya da duwatsu da macizai. In rani ya tsananta gamsheƙa har ɗaki take bin ruwa, kububuwa kuwa tana kwance a gona, launinta ɗaya da ƙasa. Sai a kawo mutum a kan acaɓa, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Na san allurar da za ta cece shi, amma ba ni da ita. In ba shi maganin zafin ciwo, in tura shi babban asibitin gari, tafiyar rabin yini a hanyar da ba kwalta. Wasu su kai, wasu a juyo da su daga hanya.

Matan cocinmu ne suka tura ni takara. Jagorarsu Kalondu, mai sayar da zuma a bakin tasha, mace ce mai baki da dariya. A gaban jama'a ta ce mini, "Nas, kukan nan naki ya ishe mu. Tashi ki je inda ake raba tuwon, ki yi musu shi a can." Ita ta tsara waƙar kamfe, ita ta ja mata suka bi ƙauyuka a ƙafa. Ni kuwa alkawari ɗaya na yi: allurar dafin maciji a kowane asibitin mazaɓarmu. Har roƙonsu na riƙa yi su daina kai wanda aka sara wurin mai tsaga da baƙin dutse.

Kuma na yi aikin, Mama, Allah ya sani. Na rubuta ƙudurin, na kwashi 'yan kwamiti zuwa ƙauyuka suka ga waɗanda saran maciji ya bari da dungu da idonsu. Ranar muhawara wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, a tambayar mana 'yar'uwa, macizan nan nata suna da katin zaɓe ne?" Zaure ya ɗauki dariya. Na haɗiye. Daga ƙarshe dokar ta wuce, gwamna ya sa hannu, aka ɗauki hoto. Aka raba wa asibitoci firji masu aiki da hasken rana. Ran nan na yi kuka a mota don murna.

Sai allurar. Wadda aka fara kawowa likitoci suka duba suka ce ta macizan wata ƙasa ce, ba ta jin dafin namu, aka kwashe. Shekarar da ta biyo, kuɗin na cikin kasafi, amma ana tsakiyar shekara aka karkatar da su wajen hanyoyi. Na yi magana a zaure, na bi ofis-ofis har masu gadi suka san takuna. Firjin suna nan suna ƙugi, ma'aikata na sanyaya ruwan sha a ciki. Ni kuwa kullum gari ya waye akwai layi a ƙofar gidana: wannan an riƙe masa mara lafiya a asibiti saboda bashin magani, wancan akwatin gawa yake nema. Motata ta zama motar asibiti. Ba wannan aikin aka zaɓe ni in yi ba, amma shi kaɗai ke fitowa daga hannuna.

Watan jiya, da rana tsaka, maciji ya sari Kalondu tana tara itace a bayan gonarta. Surukinta ya ɗauke ta a babur zuwa asibitin mazaɓarmu. Nas ɗin da ke wurin yarinya ce da na koyar da hannuna, ta kira ni tana kuka, ni ina zaman majalisa, ta ce ba allurar, ta tura su babban asibiti. Na tura direba ya tare su a hanya. Ba su kai gadar shiga gari ba ta cika.

A wurin jana'iza, kin san al'ada, mai gabatarwa ya miƙo mini lasifika. Ban buɗe baki ba mijinta, dattijo Kitheka, ya taso a hankali ya karɓe daga hannuna. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Mai girma, zauna ki ci abinci. Ta riga ta ji jawabinki, shi ya sa ta ce asibitinki za a kai ta." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna da kwanon muthokoi a cinya, dafaffiyar masara da waken nan tamu, matan da suka yi mini waƙa suna wucewa ba mai kallona.

Yanzu ga sabon kasafi ya zo, babu allurar a ciki. Jagoran masu rinjaye ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi da kansa. Ya ce in na kaɗa wa kasafin ƙuri'a na yi shiru, za a gina ɗakin haihuwa a mazaɓata. In na ƙi, kujerar kwamiti ta tafi, tikitin jam'iyya ma in manta da shi. "'Yar'uwa," in ji shi, "da babu gara ba daɗi." Kuma ɗakin haihuwar ba ƙarya ba ne muna bukata, mata na haihuwa a gefen hanya.

Mijina ya ce in ajiye musu kujerarsu in koma ɗakin allura, can ko ba komai ina ganin wanda na taimaka. Wata rana in ga gaskiyarsa, wata rana in ga gudu ne. Mama, in karɓi ɗakin in binne maganar Kalondu? In ƙi, in rasa duka? Ko in sauka? Kowace hanya na duba, ban hango haske ba.

Nas da ta bar ɗakin allura

*

Ɗiyata,

Allah ya jiƙan Kalondu, ya ba ki haƙuri. Kin yi rashin ƙawa, amma kowa ya tsaya kallon 'yar majalisa, ba wanda ya yi miki gaisuwa. To, ni na yi miki.

Ba ke kika kashe ta ba. Dafi ne ya kashe ta, da hannun da ya karkatar da kuɗin. Amma maganar dattijo Kitheka ma ba ƙarya ba ce, kada ki yi musu da ita ko a zuci. Mutane sun yarda da ke, sun canja inda suke kai marasa lafiyarsu, kuma wurin ba komai. Wannan shi ne abin gaggawa, ya fi kasafi. Tun Lahadin nan ki bi coci-coci, ki tsaya a tashar 'yan acaɓa, ki faɗa da bakinki cewa allurar ba ta nan, duk wanda aka sara a wuce da shi kai tsaye inda take, kada a ɓata lokaci a hanya. Ki binciko asibitin da ke da ita da gaske, ko na mishan ne. Zai zubar miki da ƙima a siyasa, zai kuma iya ceton rai.

Batun ɗakin haihuwa, ba zan ce miki cin amana ba ne. Mai naƙuda ma rai ce. Sai dai ki tuna bakin da ke yi miki wannan alkawarin, shi ya yi miki na baya. In jagoran yana so, ya sa ɗakin cikin kasafin a rubuce kowa ya gani, ya kuma bar miki allurar ko a asibiti ɗaya ne da ke tsakiyar mazaɓa. Shirun kuwa kada ki sayar. Ƙuri'a ana iya ciniki a kanta, amma 'yar majalisar da ta yi alkawarin rufe baki ta sauka ke nan, albashi kawai ya rage. In ya ƙi, ki kaɗa a'a. Ba zan ruɗe ki ba, kasafin zai wuce ko da ke ko ba ke, kuma da wuya su bar miki kujerar.

Mijinki ba matsoraci ba ne, matarsa yake gani tana ƙarewa. Komawa jinya ba abin kunya ba ne. Shawarata dai kada ki yanke hukuncin sauka cikin makoki. Ki ƙarasa wa'adinki, sannan ku zauna ku biyu. Kafin nan ki ware rana ɗaya a mako da ƙofar gidanki za ta kasance a rufe.

Ki kuma je wurin dattijo Kitheka ke kaɗai, ba direba, ba ambulan ɗin kuɗi, ba jawabi. In ya ba ki kujera ki zauna, in bai ba ki ba ki gaishe shi ki juyo. Kada ki je neman yafiya, bai kai nan ba tukuna.

Mai yiwuwa ki bar majalisar nan allurar ba ta zo ba, mai yiwuwa wanda zai gaje ki bai ma san da dokar ba. Na daɗe a duniyar nan, ba zan ce miki gaskiya kullum tana ci ba. Allah ya ba ki ƙarfin tashi gobe. Na jibi, sai goben ta yi mu roƙa.

Mama Syokau