Sandar Gagara-Rufi

Litinin, 3 ga Maris

Ni, Babban Shugaban Masu Binciken Dazuzzukan Arewa, mai lambobin yabo cike da ƙirji, wanda ɓauna ke hangowa ta sauya hanya, na buɗe wannan kundi yau da sunan Allah. Daga ofishina nake rubutu. Ofishin dai yana ɗan warin dusar katako, teburin kuma ƙafa uku gare shi, don Kawu bai ƙarasa shi ba. Kawu mataimakina ne. Bai sani ba tukuna, shi a zatonsa shagon kafintan nasa ne, ni kuma ɗan ƙanwarsa mai koyon aiki. Yanzu ma ya ƙwala kira wai in kawo ƙusa ko ya buga ni a jikin benci. Haka manya ke fama da ma'aikatansu.

Talata, 4 ga Maris

Yau babu dariya. Likita ya zo duba Tsoho, kakana, mahaifin Umma da Kawu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake kwance. Hannun ya dawo, ƙafar ma likita ya ce da rai a cikinta, Tsohon ne ya ƙi. Ya juya wa kowa baya, bango kawai yake kallo, ko uffan. Na ji likita yana gaya wa Umma a bakin ƙofa: in bai fara takawa ba kafin wata ya ƙare, gaɓoɓin za su sandare, shi da gado kuma sai... Bai ƙarasa ba.

Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana saran itace a can arewa, inda hanya ke ƙarewa. Mutumin da in na zuba masa gishiri a shayi yake bi na da takalmi har bakin titi. Jiya na zuba masa. Ya shanye tas, ko takalmin bai nema ba. Wallahi na fi son takalmin.

Alhamis, 6 ga Maris

YA YI MAGANA!

Bari in rubuta a tsanake. Na kai masa abinci, na zauna a bakin gadon, haka kawai bakina ya fara zuba. Na ce, abokina, kai da ka ce ka san arewa, ka taɓa haɗuwa da Gagara-Rufi? A take na ƙirƙiro sunan. Na ce wani ƙato ne a dajin can, bai taɓa kwana ƙarƙashin rufi ba. Shiru. Na ce kowace safiya yana fitowa bakin kwalta ya tari tasi. Shiru. Na ce yana sayen ruwan roba a shagon kan kwana, don ruwan dajin gishiri ne da shi.

Sai na ji daga bango: "Ƙarya kake, ja'iri."

Murya kamar tsohon zarto. Wai ruwan can in ka sha da safe haƙoranka sai sun yi tsami don sanyi. Wai wace kwalta, wane shago? Umma ta saki faranti a tsakar gida, har yanzu ba mu ga cokalin ba.

Shugaba ya yi nasarar farko. A rubuta.

Juma'a, 7 ga Maris

Dabara: kullum ƙarya ɗaya, mai ƙaton kai, wadda ba zai iya haɗiyewa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Abin ya fi ƙarfina, ta hanya mai daɗi. Ni na kawo Gagara-Rufi, amma Tsoho ya ƙwace shi.

Na ce jarumi ne, yana ceton matafiya in sun ɓata. Tsoho ya juyo, karo na farko na ga fuskarsa sosai. "Ba ya ceton kowa. Ba ya cutar kowa. Bai ma san da kai ba." Na ce to wane irin mutum ne wannan? Ya ce yau zai nuna maka ruwa, gobe ya tafi da jakinka, kuma duka biyun fuskarsa ɗaya.

Abin da na kwaso daga bakinsa, kar in manta. Gemunsa akwai zuma a ciki, da ƙudanta. Warinsa na ɓawon itace ne bayan ruwan sama. Ba ya bin sawu ɗaya sau biyu, shi ya sa duk hanyar da aka sare a can, kafin a dawo ta rufe. In ya yi shiru tsuntsaye ma shiru suke yi, a tsakiyar rana, har ka ji bugun zuciyarka ka tsorata da shi. In ya yi fushi ba ya faɗa, kogi ne kawai zai cika cikin rana tsaka, babu hadari, ya kwashe itacen da kuka yi wata kuna tarawa.

Na ce, Tsoho, wannan ai ba mutum kake faɗa ba, dajin kake faɗa. Ya harare ni. "Da me ka zata?"

Na kasa cin abinci don zumuɗi. Umma ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi ne.

Talata, 11 ga Maris

Ya zauna da kansa! Don ya nuna mini tsawon kafaɗar Gagara-Rufi da hannu biyu, kwance kuwa ba ya yiwuwa. Bai lura ya zauna ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba, na ce ai kafaɗar ba ta kai haka ba. Ya jefe ni da hula. Hula dai, ba takalmi ba, amma muna hanya.

Na ce zan yi masa aure. Gagara-Rufi, ba Tsoho ba. Ya ce in na kuskura zai tsine wa labarin.

Laraba, 12 ga Maris

Zama ba tafiya ba ne, in ji likita. Ya kawo sandar asibiti ta ƙarfe. Tsoho ya tura ta ƙarƙashin gado da diddige.

Sai wata dabara ta faɗo mini a shago, har na kusa buga yatsana da guduma. Sanda! Ba ta asibiti ba. Saƙo daga Gagara-Rufi zuwa ga tsohon abokinsa. Ya ƙi ta likita, amma ta wancan fa?

Asabar, 15 ga Maris

Na gama. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, ko Kawu ya ɗaga ta sama ya duba ya ce, "Ashe kana da hannu, bakinka ne ya rufe shi." Katako mafi tsada na zaɓa. Na miƙar da ita sambal, na goge da samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi, na shafa man sheƙi har fuskata nake gani a jiki. Na sa mata roba a ƙasa don santsi. Gobe da safe zan jingine ta a gefen gadonsa kafin ya farka.

Shugaba ba ya yabon kansa, amma a shirya wata lambar.

Lahadi, 16 ga Maris

Na ɓata komai.

Litinin, 17 ga Maris

Jiya ban iya rubutawa ba. Ya farka ya ga sandar. Na shigo ina zare ido, na ce, abokina, an yi baƙo! Gagara-Rufi ya shigo har ɗakin nan ya ajiye maka. Ya ɗauka, ya shafa ta daga sama har ƙasa. Ya shinshina. Na ga fuskar tana rufewa kamar ana jan ƙofar shago.

"Ya shigo ɗaki," ya ce. "Ya goge itace. Ya shafa mai." Ya ajiye ta a hankali, da ma jifa ya yi. "To kun kama shi shi ma. Kun kwantar da shi."

Ya juya bango. Na yi ƙarya uku manya-manya, har da cewa Gagara-Rufi ya sayi firiji. Ko motsi.

Ni ban yi tunani ba. A shago duk abin da ya shigo hannunka sai ka daidaita shi, ka kashe kaifinsa, ka goge. Haka aka koya mini, hannuna shi ya yi aikin. Ashe abin da ya rage wa Tsoho ke nan: wani abu guda a duniya da ba a goge ba, ba a kwantar ba, ba a ba shi magani da cokali. Ni kuma na shafa masa man sheƙi.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Wannan ya fi ciwo.

Laraba, 19 ga Maris

Motar katako ta iso daga arewa da hantsi. Direbanta wani mai jan ido ne da ba ya gaisuwa. Muna sauke gumagumai sai na ga wani reshe maƙale tsakaninsu, ya biyo su ne kawai, ba wanda ya sa shi. Karkatacce, ɓawonsa na nan, da ƙulli kamar gwiwar tsoho, gefe ɗaya ƙaro yana tsatsowa. Na shinshina. Kai! Warin nan da Tsoho ya faɗa, shi ne, ban taɓa zuwa ba amma na gane shi.

Direba ya ce in jefar. Na ce a'a, ina so. Na tambaye shi yaya dajin can yake. Ya dube ni ya ce, "Bai san da kai ba." Ko sun haɗa baki da Tsoho ne?

Kawu ya miƙo mini samfefa. Na ɓoye hannuna a baya. Wallahi ƙaiƙayi yake yi, ƙullin nan yana kira na. Tsawon kawai na rage, shi ma karyawa na yi a gwiwa, ban sa zarto ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Allah! Allah! Ta ina zan fara?

Ban kai sabuwar sandar ɗaki ba. A waje na jingine ta, jikin katanga, bayan ƙofar gida, inda babu rufi. Na shiga na zauna ina kallon silin. Na ce, ni dai ba ruwana, waccan sandar ni na yi ta, kowa ya sani. Amma akwai wani abu a waje da ban san wanda ya ajiye ba. Na ɗan ɓantaro ɓawon na ajiye kan filonsa.

Sai hancin ya motsa. Hannu ya fito ya ɗauka.

"Kawo ta."

Na ce a'a. Mai ita ba ya shiga ɗaki, kayansa ma haka. Kai ka faɗa.

Zagin da na sha! Ja'iri, ɗan nema, mai kan guduma, har da wasu na arewa da ban taɓa ji ba. Umma ta leƙo, na yi mata alama ta koma. Sai ya sauko da ƙafa. Ya kama bango. Ya kama kafaɗata, farcensa har yanzu da shaida. Tsakar gidan nan da nake tsallakewa da tsalle biyu, yau ta zama daji. Ya tsaya, ya huta, ya zage ni, ya ci gaba. A bakin ƙofa ya sake ni.

Ya kama sandar. Tafinsa ya zauna daidai kan ƙullin da na so gogewa. Ya tsaya a titi, rana a fuskarsa, mai kayan miya na kallo, yara na kallo. Ya ɗaga sandar, na zata addu'a zai yi.

A gadon bayana ya sauke ta. "Na gishirin shayi ne," ya ce.

Ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba. Umma tana kuka tana dariya, ta ƙone abincin rana, kowa ya ci.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya kai kan kwana ya dawo. Likita ya ga sandar ya ce wannan ba ta da tsari. Tsoho ya ce shi ma haka.

Da yamma muna zaune a waje, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Wanda ya karya reshen nan a gwiwa ya karya, kuma gwiwar ƙarama ce." Na ce Gagara-Rufi ya rame. Ya ce to a gaishe shi.

Talata, 25 ga Maris

Kawu ya kama ni ina shafa wani gungume da ba a tsaga ba, wai me nake nema a jiki. Ba komai. Kuma ba komai ba ne da na tambayi direba ko yana ɗaukar yaron mota in zai koma. Tambaya ce kawai. Mutum ba zai yi tambaya ba?

Gishirin da na ɗebo don shayin Tsoho yana aljihuna tun safe. Mantawa na yi. Ina jin mantawa ce.

To, tunda kundin nan ba mai karantawa sai ni: babu wani Shugaba, babu lambar yabo, ɓauna kuwa a jikin kwalin ashana kawai na taɓa ganin mai kama da ita. Ni ne dai, ja'irin Tsoho, mai kan guduma, wanda iyakar karatunsa allo, bokon ma a jikin allunan shaguna ya tsince shi. Ban taɓa wuce tashar mota ba.

Tukuna.