Littattafan Dilcia

Litinin, 30 ga Janairu
Malama Orbelina ta zo gida. Jibi za a koma makaranta, yara talatin da ɗaya a ajinta, ko alli ba a aiko musu ba. Ta ce min, "Doña Eufemia, ko fensir guda ne." Na san inda ta dosa. Duk ƙauyen nan an san na gama saya wa 'yata Dilcia kayan aji uku kafin zazzaɓi ya ɗauke min ita a Disamba. Na ce babu. Ƙarya na yi.

Alhamis, 2 ga Fabrairu
Na buɗe jakar makarantar Dilcia. Littattafan rubutu shida, ni na naɗe musu bango da takarda mai launi, ja na lissafi. Ita ta rubuta sunanta a tsakiyar kowanne. Abin da ya rage min na hannunta ke nan.

Asabar, 4 ga Fabrairu
Mijina Tiburcio ya ce, "Femia, gara kike ajiye wa?" Na ƙi kula shi har yamma.

Litinin, 6 ga Fabrairu
Na kai littattafan makaranta. Ta kan shinge na miƙa, ban iya shiga ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu
Malama ta yanka su. Da wuƙa, kowanne gida biyu, sunan 'yata ya rabe, rabi sama rabi ƙasa. A hannun jikar maƙwabciyata na gani. Na je na wanke Malama tas a gaban yara. Ta ce, "Doña, haka muke yi kullum, shida su zama sha biyu. Wallahi ban lura da sunan ba." Ta fashe da kuka. Ni ma na san haka ake yi, da rabin littafi na yi tawa makarantar. Duk da haka zuciyata ta ƙi sauka.

Lahadi, 12 ga Fabrairu
Ban je coci ba.

Juma'a, 17 ga Fabrairu
'Yar wayar ƙarfe ɗaya ce ke riƙe da kowane rabin littafi, shafuka sai zubewa suke. Haushi ya sa na karɓo bakwai na ɗinke da zare. Don kada su lalace ne kawai. Wani rabin ja ya cika shafi huɗu da lissafi, yawanci kuskure. Na daɗe ina dubawa. Na ce wa Malama Litinin zan shigo ajin in ɗinka sauran biyar a can.