Ban Zo Mun Zaga Gonar Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka. Damina biyu ke nan babu kai, sai yau na iya zama in rubuta abin da ya tokare mini ƙirji.

Ka tuna murnar da ka yi ranar da na kwaso kayana daga Kano na dawo gida? Na ce maka na sami aiki da wani kamfani na ƙasar waje, amsa saƙonnin masu sayen kayansu, kuma daga shagon ƙofar gida zan riƙa yi da kwamfuta. Kai da kanka ka riƙe wa mai haɗa sola tsani. Duk wanda ya zo gaishe ka sai ka nuna masa ƙofata ka ce, "Nafi'u ya dawo, ga ofishinsa nan."

Abu ɗaya ka tambaye ni: yaya halin masu aikin? Na ce albashin da tsoka. Ka ce, "Ba a ɗaukar ƙwadago a gonar mutum sai an ji ta bakin waɗanda suka yi masa aiki bara." Na yi dariya, na ce ai wannan ba noma ba ne.

Ashe sun sa wa kwamfutar abin da ke gadina. Hannuna ya bar ta minti biyar, saƙo ya shigo ana neman ba'asi. Daga fitowar rana har magariba ina daskare a kujera. La'asar a gurguje, Juma'a sai da roƙo. Ranar hutu ma sai a ce in cike gurbin wani, wanda ya ƙi kuma ya san makomarsa. Gida ɗaya muke, Baba, amma lokacin da nake Kano na fi zama da kai.

Sau uku kana cewa in zo mu zaga gonar arewa ka nuna mini iyaka. Ka ce gonakin nan a manne suke, gambar da ke raba su kuwa mutuwa take yi. Na ƙarshen ka zo bakin shagon da hularka da sandarka, ka tsaya. Ana mitin, sai na ɗaga maka hannu, ko juyowa ban yi ba. Da aka tashi na tarar ka tafi, ka bar mini dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofa.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ka. Hutun kwana biyu suka ba ni. Ranar sadakar uku ina kan tabarma cikin masu ta'aziyya, waya na ta ruri a aljihuna, wai saƙonni sun taru. Ranar na ajiye musu aikinsu.

Wata biyar na yi ina neman wani, wannan karon da maganarka. Duk kamfanin da na gani, sai na nemo waɗanda suka bar shi na tambaye su dalili. Wani kamfanin ya cika shafinsa da "mu dangi ɗaya ne", tsohuwar ma'aikaciyarsu ta ce mini in gudu. A intabiyu ni ma na koyi tambaya: da me kuke auna aiki, da awanni ko da abin da aka kammala? Idan aka yi wa mutum rasuwa fa? Wasu daga nan ba su sake kirana ba.

Inda nake yanzu ƙaramin wuri ne, kuɗin bai kai na da ba. Shugabarmu tun ranar farko ta tambaye ni lokutan sallah, ta gyara lokacin mitin. Da ruwan shuka ya sauka na nemi yini ɗaya, ta ba ni uku. Na kashe kwamfutar na zauna ina kuka, don irin wannan wurin yana nan tun kana raye, ni ne ban nema ba.

Ƙaninka Baffa Sale ne ya zaga da ni gonar. Gabas da kudu ya sani. Ta arewa gambar ta mutu, ya tsaya yana waige-waige. Malam Idi maƙwabcinmu ya ce ɗorawar nan babba a cikin tasa take. Baffa ya ce yana jin taka ce, amma ba zai rantse ba. Suka juyo suna kallona.

Na bar wa Malam Idi ita, Baba. Idan tasa ce, ta koma hannun mai ita. Idan taka ce, Allah ya sa duk wanda ya sha inuwarta ko ya ci kalwarta, ladan ya iske ka.

Ka yafe mini hannun nan da na ɗaga maka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda babu gaggawa. Inna tana nan lafiya, yanzu tare muke cin abincin rana.

Ɗanka mai kewarka,
Nafi'u