Turaren Ranar Laraba

Zuwa ga Shizue, sanyin idona, inuwata ta rana tsaka, abokiyar zamana ta shekara talatin da ɗaya.

Yau kwana goma sha tara da tafiyarki gidan yayarki a Toyama, kuma na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗauki wuƙa in ajiye, in leƙa ƙofa in dawo. Ko shinkafa ta ƙi dunƙuluwa a hannuna.

Na san laifina. Mai yin sushi, abincin nan namu na shinkafa da ɗanyen kifi, ba ya barin turare ya kusanci kifinsa, haka na gada, ke kuma kika haƙura, turarenki na furen kinmokusei mai fitowa lokacin kaka sai ranar Laraba da muke rufe shago. Kin tuna Larabarmu ta farko a bakin kogin Asano, kika miƙo min wuyan hannunki wai in shinshina? Ranar da na yi laifin kuwa daga biki kika dawo, kika manta kika shigo shago da shi a jikinki, ni kuma na buɗe baki a gaban masu cin abinci na ce kina lalata min kifi. Kifi! Wane kifi ne a tekun nan ya kai ki?

Na fita sayo sabo in ba ki haƙuri. Kanti huɗu na zaga, a na ƙarshe mai sayarwa ta rusuna ta ce ai shekara shida ke nan da aka daina yin sa. Ashe ɗigo-ɗigo kike lallaɓa kwalbar nan, ni ina can ina hira da kifi. Ga ta kin bari a gaban madubi, abin da ya rage bai kai faɗin farce ba. In na buɗe, da farko zaƙi kamar zuma a shayi, sai ɗan ɗacin ganye, can ƙarshe sai ke. Sai in rufe da sauri don ina tsoron ki ƙare.

Ki dawo, furena na lokacin kaka, ki dawo ki yi min faɗa. Da safen nan na shafa ɗigo ɗaya a tafin hannuna, hannun da shekara arba'in ko sabulu mai ƙamshi bai taɓa ba. Kin san ba zan taɓa kifi da shi ba. Na cire labulen ƙofa mai nuna shago a buɗe yake, na kashe fitilar shago. Ragowar turaren naki ne, ba zan ƙara ba.

Yau Litinin ce, amma a gidan nan Laraba ce har ranar da kika dawo.

Naki, jiya da yau da duk abin da ya rage min,
Tokuji