Ko Yaya Tana Haske a Duhu

Zuwa ga Yaya Likita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga autanku, wanda bai wuce allo ba amma ya fi ki baki. Inna lafiya, Yaya Babba lafiya, matarsa ta warware, jaririnsu sai kumatu.

Mai kemis na bakin layi ya nuna min hotonki a waya ana ba ki lambar yabo, kin ƙame kamar an hana ki numfashi. Ya ce akwai wani ƙari mai ɓuya a cikin mutum, ke kika iya kama shi: ki yi allurar haske, ƙarin ya sha, ya tona kansa a hoto. Wai duk likitan da zai yi rubutu a kai sai ya ce "in ji wance", kamar yadda malam ke jero masu ruwaya.

To ni ma na ruwaito. Na ce wa Inna hasken ya taru a jikinki, in an ɗauke wuta ba kya neman fitila. Yaya, ta yarda! Har ta share ɗakin baya, wai can za ki sauka, kuma ba ke ba ɗaukar jariri sai kin huce. Na yi dariya har na ƙware.

Ki zo da tsaraba. Naki, Auta.

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ka gaida Inna da kowa.

Ƙarin da nake nema ƙarami ne, yakan fito a hanji ko huhu, ya yi ta zuba sinadarai a jini shekaru ba a gan shi ba. Maganin da muke sawa kaɗan ne, kafin gobe ya fita. Majinyaci ake ce wa ya ɗan nisanci yara na yini guda, ba ni ba. Ni a bayan gilashi mai kauri nake wuni, a ɗakin da ba taga. Daga nesa nake yi wa mutane sannu, ta lasifika.

Masu ambatona a takardunsu ba su san muryata ba. Lambar yabon tana kan firji, ban sami wanda zan nuna wa ba. Hutun da zan zo gida na neme shi ne don abu ɗaya, in ji nauyin yaron nan a hannuna. In ɗakin baya ne, Auta, ina da shi a nan. Na bar wa abokiyar aikina hutun.

Allah ya bar zumunci. Yayarka.

Yaya,

Salamu alaikum. Yau ba wasa a bakina, in kin ga ya leƙo ki kore shi.

Na ce wa Inna ƙarya na shara. Ta ce, "Kai ɗan nema, yau ne kake ƙarya ko ran nan?" Na rantse, ta ce rantsuwata ta saba da ita tun ina satar sukari. Sai na karanta mata wasiƙarki. Da na zo kan maganar firji ta karɓe takardar, ta shige sito ta ja ƙofa, wai za ta ga ko tana haske. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idonta ja wur, ta ce ƙura ce.

Har yanzu ba ta gama yarda ba. Amma ta sa ni na kinkimo gadon daga ɗakin baya na kai kusa da nata, bayana bai yafe miki ba. Ta ce, "Ko ci take da wuta, a cikina ta fara kwana." Matar Yaya Babba kuwa ta ce tun a ƙofa za ta miƙa miki jaririn, dama ya ishe ta da nauyi.

Ki zo, ko ba tsaraba. Kin ga inda abin ya kai.

Autanki.

Auta,

Na gode, ka gaida Inna da kyau. Abokiyar aikina ta riga ta tafi, ba mai kula da na'urar sai ni. Sai ta dawo. Ku bar gadon inda yake. Ka ce wa yaron kada ya yi saurin fara tafiya.

Yayarka.