Tambayar da na jefa wa taubashina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, in kun kai kuma ku tuna zagin ba zai fitar da kowa ba, shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni malamin firamare ne a Wurno, kuma ina da i'ina tun ina yaro. Ba kullum take tashi ba. In hankalina a kwance yake sai mu wuni tare ba ka gane ba, amma in idanu suka yi mini yawa ko zuciyata ta motsa, harshena sarƙewa yake yi, in yi ta dukan kalma ɗaya ta ƙi fita. Ba abin da nake so a duniya kamar karatu. Muna da wata 'yar majalisa da wani tsohon hedimasta ya kafa, muna haɗuwa ran Asabar bayan La'asar a ƙofar gidansa, har daga Rabah da Goronyo ana zuwa a kan babur. Duk wanda ya shiga Sakkwato ya samo sabon littafi sai ya kawo, a riƙa karantawa bi da bi, ana fassarawa ana gardama har a kira Magariba. Mun karanta wani a kan tarihin fatauci, da wani na wata likita da ta ba da labarin aikinta a ƙauye, sannan muka shiga labarin wani iyali da ambaliya ta kora daga garinsu. Nan ne kaɗai nake buɗe baki gaban manya ba tsoro, don ba mai ƙarasa mini kalma, jira suke yi har in fitar da ita.

Sai wani da zan kira Nasiru, ba sunansa ba ne. Ɗan goggona ne, ƙanwar babana, wato taubashina. Albasa yake saye a ƙauyuka yana lodi zuwa Kudu. Shi ba karatu ke kawo shi majalisar ba, shayi da tsokana ne. Ranar da layi ya zo kaina, na kai wurin da uwar ta rasa ɗanta a cikin ruwa, abin ya taɓa ni, i'ina ta taso mini gadan-gadan. Ashe Nasiru ya ɗaga waya yana ɗauka. Bai tsaya nan ba, ya kai bidiyon aka sa masa kukan akuya a duk inda na sarƙe, ya jefa a shafinsa da guruf ɗin dangi. Daga nan abin ya bi gari.

Kun san yadda mutum yake ji ya juya zai yi rubutu a allo, ya ji kukan akuya daga bayan aji? Kun taɓa sauka a tashar Achida wani ɗan acaba da ba ku taɓa gani ba ya ce, "Malam, ba kai na ba na bidiyon akuya?" Matata ta je suna ta tarar mata sun yi da'ira suna kallo, da suka gan ta aka kife wayar. 

Na same shi a rumfarsa ana ɗinke buhuna. Na ce ya goge, ya kuma ba ni haƙuri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba bawana, wasa na hwa. In ban taɓa ka ba wa za ni taɓawa? Ka ma gode mani, na sa ka yi suna." Na kai ƙara wurin babana, ya ce, "Taubashinka na. Wanda yay yi hushi da wasan taubashi shi aka yi ma dariya. Kak ka kuskura maganag ga ta kai kunnen goggonka." Shi ke nan fa. Al'ada ta ba shi lasisin yanka ni, ni kuma ta ce in yi murmushi. To ina zan kai abin da ke cina?

Na daina zuwa majalisa. Hedimasta, Allah ya saka masa, ya aiko mini da sabon littafin da suka shiga har gida, wai ko zai jawo ni in dawo. Littafin a kan manyan kamfanonin nan ne masu shafukan da muke wuni a kai. Marubucin yana tambaya ne ko daidai ne su riƙa cin riba da hankalin mutane, ya kuma bayyana yadda abin da ya fi tayar da tsoro da fushi shi ya fi gudu, don ba mai tsayawa ya tambayi gaskiyarsa kafin ya tura. Da farko na ji kamar da ni yake, na ga yadda aka yi bidiyona ya kai inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Amma da na ci gaba sai na daina karanta shi a matsayin gargaɗi. Mutumin ya rubuta don a kiyaye, ni kuwa darasi nake ɗauka. Na ce a raina dariya ta kai ni Achida, bari mu ga inda tsoro zai kai Nasiru. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka na riƙa gaya wa kaina.

Nasiru yana shiga wajajen Shinaka sayen albasa, hanyar da mutane da yawa suka daina bi saboda 'yan bindiga, kuma yana alfahari da cewa ba a taɓa tare shi ba. Na ɗauki wani layin waya da ba wanda ya san ni da shi, na ciro hotonsa yana jingine da buhunan albasa, na sa a guruf ɗin da ake ba da labarin tsaro na yankinmu. Na rubuta a ƙasa: jama'a tambaya nake yi, me ya sa wasu kullum suke shiga hanyar Shinaka su fito lafiya, wasu kuwa sau ɗaya suka shiga ba su dawo ba? Ban rubuta kalmar infoma ba, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, na san akwai masu rubuta mini ita. Kafin La'asar wani ya ce ya ga yana sayen burodi da yawa, wani ya ce har da jarkokin fetur, wani daga Rara ya turo murya yana rantsuwa a kan abin da na san bai gani ba. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ranar na ci tuwo na nemi ƙari.

Abin bai tsaya inda na so ba, in ma na san inda na so ya tsaya. Manoma suka daina sayar masa. 'Yan sa-kai suka zo suka tafi da shi, ya dawo da hannu a ɗaure da ido ɗaya a rufe, shi ma sai da mai unguwa ya tsaya masa. An sa zama ran Juma'a gaban hakimi, an ce in ba a sami abin da ya wanke shi ba mai unguwa zai janye hannunsa. Duk wanda ke yankin nan ya san abin da hakan ke nufi. Waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa ba kotu suke jira ba, kuma ba zan iya ganin laifinsu ba. Na goge abin da na sa, na rubuta da wancan layin cewa kuskure ne, sai aka ce ai ga shi nan, abokan aikinsa sun sayi mai maganar.

Shekaranjiya da hantsi Goggo ta zo gidana tana dogara sanda. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, hedimasta ya ce kai ka karanta littahin wayoyin ga. Nemo mani wanda yas sa hoton ɗan'uwanka. Ba ni so a yi mai komi, shi hito dai gaban mutane shi ce ƙarya yay yi." Na ce to Goggo. Ta sa mini albarka, ta sa wa 'ya'yana, ni kuwa ina kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe ni.

Daga nan na wuce duba Nasiru, da niyyar in faɗa masa ni ne na sa hoton. Yana kwance a soro, da ya gan ni ya ce, "Bawana, ka zaka ganin gawa?" Na zauna, na ce masa bidiyon nan fa har yau yana kan shafinka. Ya dube ni da ido ɗayan ya yi dariya, ya ce, "Kai dai akuya ta, ana batun rai kana batun bidiyo." Wallahi nan take tausayin ya gudu. Na tashi na fito ban faɗa ba, ina cewa a raina bari ya ƙara kwana biyu yana jin yadda ake ji in gari duka ya sa maka ido.

To ga inda nake. In na fito na ce ni ne, babana zai iya sallama ni, aikina zai tafi, waɗanda na ruɗa za su juyo kaina, Goggo kuma ban san da wane ido zan dube ta ba. In na yi shiru za a iya kashe shi a kan abin da na san bai yi ba. Ba na son ya mutu, Allah ya sani. Amma har yanzu ban yafe masa ba, kuma in na tuna zan durƙusa gaban jama'a saboda mutumin da bai taɓa ce mini yi haƙuri ba sai in ji ƙirjina yana tafasa. Jama'a, Juma'a jibi ce. Me zan yi?