Ni Na Ba Kangwa Kaset Ɗin Uwarku

Ni Lazarous Chishimba na Kantanshi, Mufulira, da hannuna nake wannan rubutu. Kunnen dama ya mutu tun ina aikin ramin jan ƙarfe, na hagu ya bi shi bara. Amma hankalina yana nan daram. Zuwa ga 'ya'yana uku, Mwaba da Nkole da Kangwa. A karanta bayan an dawo daga maƙabarta, kafin dangi su fara rabon kaya.

1. Gidan naku ne ku uku. Ina roƙon kada a sayar, ko da yake na san za a sayar.

2. Keken ɗinkin uwarku na Mwaba ne. Nkole ya ɗauki kekena da kwat ɗin da nake zuwa coci da ita. A rage mata hannu.

3. Maganar kaset, wadda saboda ita na nemi takarda.

Kun san uwarku Belita ta bar kaset guda ɗaya, wanda ta yi waƙoƙin coci a ciki tana tsintar ƙananan kifi a tsakar gida, kuma ta ce na Mwaba ne. Shekara biyu ke nan kuna kiran ƙanenku Kangwa ɓarawo a kansa. Bai sata ba. Ni na ba shi.

Lokacin da ya bar ƙungiyarsu ta masu jita, bayan shekara goma sha ɗaya yana gabansu yana ihu a makirufo, ya zo nan da rana tsaka, ya rame. Ya durƙusa ya ɗaga murya a kunnena na hagu: "Tata, babana, na gaji da ihu. Zan yi faifai ni kaɗai, a kan gidan nan. Ina son muryar Mayo, uwarmu, a ciki." Ni da na hana a kaɗa jita a gidana shekara da shekaru, na shiga ɗaki na ɗauko masa.

Da Mwaba ta zo nema, ta juye akwati tana kuka, na ce ban sani ba. Kunya na ji, da tsoron bakinta. Nkole ya ce, "Wa zai ɗauka in ba wannan mai gashi kamar tsumma ba?" Ina zaune, na yi kamar kunnen ne bai kama ba. Ya kama. Kangwa kuma bai taɓa tona ni ba, har ranar da kuka hana shi kujera a bikin 'yar Mwaba.

4. Kada ku nemi kaset ɗin a wurinsa. Na'urar ɗakin ɗaukar waƙa a Lusaka ta cinye zaren. Abin da ya tsira bai kai minti ɗaya ba, yana ƙarshen waƙa ta tara a faifansa. Muryar uwarku ba ta saura a ko'ina a duniya sai nan, cikin faifan da ku biyu kuka rantse ba za ku saurara ba.

5. Faifan yana ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki a kan tebur. Ya iso bayan kunnen hagu ya tafi. Kullum bayan na ci tuwon rana nakan kunna, in ɗora tafin hannu a kan sifika. Ina jin ganga tana dukan hannuna, waƙa takwas. A ta tara komai yakan lafa, sai ɗan motsi kamar numfashi. Ina zaton ita ce. Ban san abin da ya faɗa a kaina a sauran ba, kuma babu mai shigowa da zan tambaya. Idan zagina ya yi, ku bar shi, bai yi ƙarya ba.

6. Kangwa, an ce faifan bai yi kasuwa ba, mutane ihun suke so. Ba ni da shawara a kan wannan. Ka yafe mini. Ba ni da abin da zan bar maka wanda ya kai abin da na sa ka rasa.

Ban sa rai wannan takarda za ta gyara abin da bakina ya kasa gyarawa ina da rai ba. Mwaba ba ta janye magana, gadona ta yi. Duk da haka ina roƙo: kada a raba ku wurin zama a makokina, a zuba muku tuwo a kwano ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya ba ku zuciyar da ta fi tawa.

Kafin kowa ya kama hanyar tasha, ku zauna a ɗakin nan ku uku, ku kunna ta tara. Ku kuna da kunne.